Buɗaɗɗiyar Kanta a Kicin: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka fara yayin kafa kanta marar murfi a bangon kicin, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, daga amare, da iyayen amare masu shirin jere, da matan da suka gaji da tsugunno gaban kabet suna laluben murfin tukunya. Ga waɗanda aka fi yi, tare da amsa gwargwadon abin da na gani a kicin ɗina da na 'yan uwa.

Mece ce buɗaɗɗiyar kanta? Ba al'adar Turawa ba ce?

Falanki ne ko ƙarfe da ake kafawa a bango, hawa ɗaya ko biyu ko uku, babu ƙofa babu gilashi, a jera kayan girki a kai. Hotunan da ake gani a Instagram da Pinterest ne suka sa ake mata kallon baƙuwa, amma 'yar Bahaushe ba ta buƙatar a koya mata jera kwano. Kakanninmu sun yi jeren ƙwarya da tasa, iyayenmu suka yi na langa da samira da kumbo, daga ƙasa har kusa da rufi, kafin tangaran ya zo ya shige cikin kabet mai gilashi. 'Yan jere sun san yadda ake ɗora babba a ƙasa, ƙarami a sama, a haɗa launi da launi har mai shigowa ɗakin amarya ya tsaya yana kallo.

Bambancin guda ɗaya ne. Jeren ɗaki na ado ne da fita kunya, ba a sauke shi sai ranar suna ko biki. Kantar kicin ta aiki ce. Abin da ke kanta ana ɗaukarsa da safe, a wanke, a mayar kafin azahar. Wadda ta riƙe wannan bambancin, sauran tambayoyin za su zo mata da sauƙi.

Me za ta ba ni wanda kabet ba ta ba ni ba?

Da farko idonki yana kan kayanki. Abin da aka tura can ƙuryar kabet mantuwa yake bi, har ki sake sayen rariya alhali kina da biyu. Ga kuma sauri: albasa tana kan wuta, hannu ɗaya yana riƙe da ludayi, ɗayan ya miƙa ya ɗauko gishiri ba sai an buɗe ƙofa ba. Ƙaramin kicin ma yana sakewa, domin kabet ɗin sama tana fitowa ta tokare ido, kanta kuwa tana barin bango a fili. Kuɗinta ma bai kai na kabet ba, tunda babu ƙofa, babu hinji, babu mariƙi. Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba: kwanon da bai gama bushewa ba idan aka rufe shi a kabet, musamman da damina, yana yin warin danshi, a kan kanta kuwa iska tana ƙarasa aikin.

Ƙurar hunturu fa? Ba wanke-wanke biyu zan ja wa kaina ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba zan ɓoye miki ba: ƙura za ta sauka. Daga ƙarshen Nuwamba har zuwa wajen Maris, a Kano ko Katsina ko Maraɗi, ki goge wuri da safe, da la'asar ki rubuta sunanki a kai da yatsa. Masu ɗaukar waɗancan hotunan ba su san wannan iskar ba, don haka tsarinsu ba zai zauna mana daidai yadda yake ba.

Amma ki lura da abu ɗaya. Ƙura tana taruwa ne a kan abin da ya daɗe a zaune. Farantin da ake cin abinci da shi kullum ba ya samun kwana biyu a kan kanta, balle ya yi datti. Wanda zai yi futu-futu shi ne setin kofunan da aka ajiye don baƙi, da babban tire na ranar salla. Saboda haka kanta ta ɗauki kayan yau da kullum kawai, na baƙi su shiga inda ake rufewa.

Sai 'yan dabaru. Kofuna da kwanuka a kife su. Faranti a ɗora su kan juna, na saman kaɗai zai sha ƙura, shi ma ɗauraya ɗaya ta ishe shi. Kada a kafa kantar a bangon da ke kallon taga ta gabas ko ta arewa, domin daga can iskar hunturu take kaɗowa. A sa raga a taga, a rage barin ta a buɗe da tsakar rana. A lokacin sanyi ana goge kantar da ɗanyen tsumma duk bayan kwana biyu ko uku, ba da busasshe ba, domin busasshen tsumma tayar da ƙurar kawai yake yi ta koma ta sauka. Idan gidanku yana bakin titin da ba kwalta, ni shawarata ki tsaya a hawa ɗaya ko biyu, sauran ki bar wa kabet.

A wane bango ya kamata a kafa ta?

Kusa da wurin wanke-wanke ya fi, yadda kwano zai tashi daga kwandon tsane ruwa ya hau wurinsa ba tare da kin taka ba. Wurin da ya kamata a kauce wa shi ne saman murhu kai tsaye. Mu masu suya ne: ƙosai, wainar shinkafa, kifi, miyar da ake soya manja da tattasai. Tururin mai yana tashi ya manne a kan duk abin da ke sama, ƙura ta zo ta haɗu da shi, sai a samu wannan danƙon da ruwa zalla ba ya fitar da shi. Ga kuma haɗarin katako a saman wuta, da na miƙa hannu ta kan tukunya mai tafasa. A ja kantar gefe, aƙalla tsawon kamu ɗaya daga bakin murhu.

Idan da itace ko gawayi ake girki a cikin ɗakin, ko risho mai hayaƙi, farar kanta da farin tangaran za su koma baƙi cikin 'yan makonni. A irin wannan madafin, kantar ƙarfe ta ɗora tukwane ita ce ta dace, kayan cin abinci su zauna a wani ɗakin.

Me zan ɗora, me zan ɓoye?

Ki tambayi kanki: na taɓa wannan abin a cikin makon nan? Idan e, ya cancanci kanta. Faranti, kwanukan miya, kofunan shayi, jug, kular da ake zuba abincin maigida kullum, gishiri, sukari, ganyen shayi, tukwane biyu ko uku da ba sa hutawa.

Waɗanda za a ɓoye: robobin da murfinsu ya ɓace, ledoji, injin markaɗe idan ba kullum ake kunna shi ba, manyan tukwanen biki, tukunyar da gindinta ya yi baƙi, buhun shinkafa da galan ɗin mai. Su ludayi da muciya da maburgi da mara ba sa son kwanciya a kan kanta, suna cin wuri. A tsayar da su cikin wata 'yar tukunyar ƙasa, ko a sa ƙugiyoyi a ƙarƙashin kantar a rataye masu rami.

Wane awo zan ba kafinta?

Kada ki ce masa kawai "ka yi mini kanta". Ki auna babban farantinki tukuna. Yawancin farantan cin abinci faɗinsu yana kaiwa santimita 26 zuwa 28, don haka zurfin kanta ya zama santimita 30, wato ƙafa ɗaya a bakin kafintoci. Ta kayan ƙamshi kuwa inci 4 zuwa 6 ya wadatar, kuma siririyar ta fi, domin kwalba ba za ta ɓuya a bayan kwalba ba.

Daga kan teburin aiki zuwa hawa na farko a bar wajen inci 18, yadda za ki yi yanka da kwaɓi ba tare da goshinki ya bugi katako ba. Tsakanin hawa da hawa inci 12 zuwa 14, sai dai idan akwai dogon filas ko kula da kike son ta shiga, sai a auna ta. Hawa na ƙarshe kada ya wuce inda hannunki yake kaiwa kina tsaye a ƙasa. Wannan awon jikinki ne zai bayar da shi, ba na kafinta ba, wanda wataƙila ya fi ki tsawo. Ki tsaya a gaban bangon, ki miƙa hannu, a yi alama da fensir.

Katako ko ƙarfe?

Kowanne da halinsa. Katako mai ƙwari irin maɗaci ya fi kyau a ido, kuma yana daɗewa idan ya bushe sosai kafin a yi aiki da shi. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa ko ya tsage da zarar hunturu ya buge shi, don haka a tambayi mai sayarwa a 'yan katako ko ya daɗe a ajiye. Kaurinsa kada ya gaza inci ɗaya, a shafa masa maganin gara, a bi shi da fenti ko banish ta kowace fuska har da gefen da zai jingina da bango.

Allon nan na garin katako da ake matsewa, wanda kafintoci suke kira MDF, ya fi araha kuma yana da santsi, amma ba ya shiri da ruwa. Da zarar danshi ya shiga ta gefensa sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma idan ya yi tsawo yana lotsawa a tsakiya saboda nauyi. Araha ba ta ado. Idan shi aljihu ya iya, a rufe gefunansa da kyau, a nisanta shi da famfo.

Ƙarfe ba ruwansa da gara. Mai walda zai haɗa miki shi daidai awonki, a Kaduna ma masu wannan aikin sun cika Panteka. A tabbata an shafa masa fentin hana tsatsa kafin na ado. Wasu suna haɗawa: ƙafafun tallafi na baƙin ƙarfe, saman katako, kuma yana yin kyau ƙwarai. Wanda yake gini sabo yana iya sa magini ya zuba kantar siminti a jikin bango a lulluɓe ta da tayil. Wannan ba ta motsi, ba ta ruɓewa, ruwa da sabulu kawai take so, sai dai duk inda aka zuba ta nan za ta zauna har abada.

Ina tsoron ta rufto da kayana. Yaya ake kafa ta ta yi ƙarfi?

Tsoron yana kan hanya, domin tangaran yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ɗauki faranti goma sha biyu a hannu ki ji. Yawancin kantar da ta faɗo ba katakon ne ya karye ba, abin da ya riƙe ta ne ya zare daga bango.

Bulon siminti da muke gini da shi yana da rami a ciki, kuma wani bulon yashi ya fi siminti yawa. Ƙusa kawai ba ta riƙe shi. Sai an huda da inji, an cusa robar nan da ake kira fisha, sannan a ɗaura dogon sukuru. Ƙarfen tallafi ya zama kowane ƙafa biyu akwai ɗaya, kuma tsawonsa ya kusa kai zurfin kantar. Irin kantar da ba a ganin abin da ya tallafe ta tana burgewa, amma tana buƙatar bango mai ƙwari da ma'aikacin da ya san aikin. Idan kina shakkar ɗaya daga cikin biyun, ki zaɓi mai tallafi a fili.

Kafin a huda, a duba inda wayar wuta da bututun ruwa suka bi. Kada a huda daidai saman soket ko ƙasansa, domin waya takan bi miƙe ne. A ginin ƙasa kuwa kada a rataya nauyi a bango sam, a yi mai ƙafafu da za ta tsaya a ƙasa. Bayan an gama, ki sa mai aikin ya danna ta da ƙarfinsa a gabanki kafin ki sallame shi.

Gidan haya nake. Zan iya?

Ki fara neman izinin mai gida kafin a taɓa bango, musamman mai tayil, domin tayil ɗin da ya fashe yana iya zama rigima ranar tashi. Idan bai yarda ba, a yi miki mai tsayuwa da ƙafafunta, hawa huɗu ko biyar. Nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, don kada ta rinjaya. Ranar da za ku tashi a ɗora ta a mota tare da sauran kaya.

Kuka, kuɓewa, daddawa da yaji: a cikin me zan zuba su?

Nan ne kantar Bahaushiya take fin ta hoto kyau, domin kayan miyarmu suna da launi: koren kuka, jan barkono, ruwan ƙasan citta, baƙin masoro da kanumfari, jan zoɓo. A zuba su a kwalabe masu murfin da ke rufuwa gam. Ba sai an sayi sababbi ba. Kwalaben mayonis da na zuma, a jiƙa su a ruwan ɗumi takardar ta fita, a shanya su su bushe ƙarau, sun wadatar. Idan murafen sun zama iri ɗaya, jeren zai fi tsari.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Hasken rana da zafi suna kashe ƙamshi da launi: kukar da rana take dukan kwalbarta kullum za ta koɗe, man gyaɗa ma yana saurin sauya ɗanɗano. Don haka a zuba na mako biyu ko uku kawai a kan kanta, babban ajiya ya zauna a wuri mai duhu. Na biyu, daddawa da busasshen kifi suna da ƙarfin wari kuma suna kiran ƙwari, su a rufe su sosai, a duba su akai-akai da damina saboda fumfuna. Ki rubuta suna a jikin duk abin da yake fari. Gishiri, sukari, garin kanwa da fulawa suna kama da juna a idon mai sauri, balle yarinyar da aka aika.

Yaya zan jera ta yi kyau, ba ta zama kamar shagon kwanuka ba?

Babban sirrin shi ne barin fili. Mu mun saba da cewa cikar jere ita ce darajarsa, amma a kantar aiki cunkoso yana hana ɗauka, yana kuma gajiyar da ido. Ki cika kashi biyu cikin uku, ki bar sauran iska ta wuce.

Ki tsayar da launi biyu ko uku. Idan farantanki farare ne, katako da ƙasa za su raya su: akushi ɗaya, ƙwarya mai zane, faifai mai launi a jingine da bango, 'yar tukunyar ƙasa. Waɗannan ana samunsu a Kasuwar Kurmi a Kano da kasuwannin ƙauye ranar ci, kuma sun fi furen roba nesa ba kusa ba. Tukunyar ƙasa ba abin rainawa ba ce: Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 da ginin tukwane duniya ta san ta. In kuma akwai tsohuwar langa ko tasar da kika gada wurin Hajiya ko Inna, ki fito da ɗaya ki ba ta wuri. Ni a ganina babu kayan adon da ya kai wannan, domin duk wanda ya shigo sai ya tambayi labarinta.

Iri ɗaya su zauna tare: kofuna waje ɗaya, kwanuka waje ɗaya. A gauraya tsayi, dogon jug kusa da gajerun kwanuka, kada komai ya zama kai ɗaya. Ƙananan tarkace irin su ashana, magi da abin buɗe gwangwani a tara su cikin ƙaramin kwando. Idan kin gama, ki koma bakin ƙofa ki duba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kyankyasai da ɓeraye ba za su samu hanya ba?

Kyankyaso duhu da danshi da ɓuya yake so, kuma kabet ta fi ba shi waɗannan. A kan kanta ba shi da maɓoya, kuma idan ya bar alama za ki gani da wuri. Abin da ke kiransa shi ne ɓurɓushin abinci da maiƙo, don haka kada a bar komai na ci a buɗe ko a leda. A toshe 'yar tazarar da ke tsakanin katako da bango. Ranar da za a yi feshin maganin ƙwari kuwa, a sauke kayan cin abinci ko a lulluɓe su, a wanke kafin a yi amfani da su. Wannan wajibi ne a kanta, tunda babu ƙofar da za ta kare su.

Ina da ƙananan yara. Ba haɗari?

Yaro yana ganin kanta mai ƙafafu a matsayin tsani. Idan irin ta ce, a ɗaure samanta da bango ko da sukuru biyu ne. Hawa na ƙasa a bar wa kofunan roba da kwanukan silba, yadda yaro zai ɗauki nasa da kansa. Wuƙa, ashana da gilashi su hau sama. Kananzir, fiya-fiya da sinadarin wanke-wanke kuwa ba su da wuri a buɗaɗɗiyar kanta ko kaɗan, kuma ina roƙon iyaye mata, don Allah kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwa. Yara da dama sun sha kananzir a dalilin haka. Waɗannan sai wurin da ake kullewa.

Ni amarya ce, an yi mini kaya da yawa. Duk zan fito da su?

Allah ya sanya alheri. A'a, kada ki fito da su duka. Ranar jere 'yan uwa za su so a ga komai, kuma wannan hakkinsu ne, iyaye sun yi ɗawainiya. Ki bar su su yi yadda suke so. Bayan an watse, baƙi sun ragu, sai ki zauna ki ware abin da ku biyu kuke amfani da shi: faranti shida, kofuna shida, kuloli biyu, tukwane uku. Sauran su koma kwalayensu. Za ki gode wa kanki ranar da na waje suka fara fashewa, ko ranar suna da gida zai cika.

Idan kuma kicin ɗin na haɗaka ne, da abokiyar zama ko matan 'yan uwan miji, a raba hawa tun ranar farko, kowa ta san nata. Kayan da kike jin zafin fashewarsu ki bar su a ɗakinki.

Ina da kabet a sama. Sai na cire ta?

Ba sai kin cire ba, kuma ban ba ki shawarar ki rabu da ita duka ba, domin kowane kicin yana buƙatar wurin ɓoye abin da ba ya son ido. Ki sa a kwance ƙofofin ɓangare ɗaya ko biyu na kabet ɗin kawai, ki adana su da sukurorinsu a leda. Ki goge cikin, in kina so ki yi masa fenti mai haske, ki jera kayan yau da kullum. Ki yi wannan gwajin a cikin hunturu, ba da damina ba, ki ba shi wata guda. Idan kin ga gogewar ba ta dame ki ba, sai ki kira kafinta ya yi miki ta gaske. Idan ta dame ki, a mayar da ƙofofin inda suke.